KAFIN A SAYO WATA LASIFIKA: RENON MATASA MASU HIDIMAR NA'URORI A MAJAMI'UNMU NA GIDA

(Jawabin da tsohon Hedimastan firamaren garinmu ya gabatar a babban taron shekara na Ƙungiya, lokacin hutun Kirsimeti)

 

GABATARWA

Sa'ad da takardar Sakataren Ƙungiya ta iso mana, tana neman mu yi magana a kan matasan da ke kula da na'urori a majami'a, sai muka yi murmushi. Mu da aka horar da alli da baƙin allo a kwalejin horon malamai, zamanin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, ina mu ina waya da kwamfuta? Amma gaskiyar magana ita ce, bayan mun ajiye aiki, dattawan ikilisiya sun ɗora mana nauyin lura da waɗannan yara. Ba don mun san wutar lantarki suka yi haka ba, sai don sun ce mun san yara. A 'yan shekarun da muka yi tare da su mun koyi abin da muke so mu shimfiɗa a gabanku yau.

Muna roƙon 'yan'uwanmu Musulmi su saurara tare da mu. Ko da yake misalanmu daga majami'a suke, ƙurar hunturu da tsawar damina ba sa tambayar na'urar wane ɗakin ibada za su lalata. Abin da ya shafi lasifikar majami'a ya shafi ta masallaci, ya kuma shafi ta fada.

ABIN DA YA TAYAR DA MAGANAR

Da yawa a cikinku kuna nan a ranar bikin godiyar kaka da aka keɓe sabuwar na'urar haɗa sauti, wadda yara ke kira mikisa, da ɗaya daga cikin rassanmu ya sayo da kuɗi masu yawa. An yi guɗa, an yi addu'a, an ɗauki hotuna, kuka koma bakin aikinku. Abin da ba ku gani ba shi ne abin da ya biyo baya. Yaro ɗaya tak aka nuna wa yadda ake sarrafa ta. Bayan wata huɗu ya sami gurbin karatu ya tafi. Lahadin da ta biyo, Fasto na buɗe baki sai lasifika ta kwarma ihu, jarirai suka fashe da kuka, aka yi ta murɗe-murɗe har aka tashi. A bakin ƙofa wata gyatuma ta riƙe mana hannu ta ce, "Malam, tun asuba na taso daga ƙauye don in ji Magana, ga shi zan koma da kukan ƙarfe a kunnena."

A makon nan muka sa aka buɗe mana ɗakin ajiya. Abin da muka tarar ya isa a kira shi maƙabartar na'urori: amfilifayoyi da suka ƙone, makirufo marasa waya, majigi da ɓera ya yi sheƙa a kwalinsa. Kowane ɗaya kyautar wani ne daga cikinku, wanda ya tsame daga abincin iyalinsa ya aiko gida. Ba mu sami ko ɗaya da aka aiko tare da tanadin wanda zai koyi riƙe shi ba. Wannan shi ne ƙashin bayan jawabinmu: mun yi shekaru muna sayen ƙarfe, ba mu reni hannun da zai riƙe shi ba.

WAIWAYE

Ba yau aka fara wannan hidima ba. Lokacin da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu iya karatu kaɗan ne. Mutum ɗaya ke karantawa, sauran su kasa kunne, don haka tun farko kunne ne ƙofar ibadarmu. Daga baya garmaho ya zo da fayafayansa. A 1954 gidan rediyon ELWA ya fara watsa shirye-shirye daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya. Shirye-shiryen Muryar Bishara kuwa a Jos ake shirya su, a watso su daga tashar da ta yi aiki a Adis Ababa tsakanin 1963 da 1977. Iyayenmu kan kewaye akwatin rediyo ɗaya a ƙofar gidan mai bishara. Sai zamanin kaset, sai kuma na majigi, da ake ɗaura farin zane a filin makaranta a nuna fim ɗin rayuwar Yesu, wanda aka fara fitarwa a 1979 aka kuma juya shi zuwa Hausa.

A kowane zamani akwai wani a bayan na'urar. Akwai mai wana garmaho. Akwai wanda ke ɗora batirin mota a keke ya kai gari a yi masa caji ranar Asabar. Yawancinsu sun rasu, ba a rubuta sunansu a jikin wani bango ba, amma ba domin su ba da ba a ji komai ba.

Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe wuraren ibada, yaran nan da muke ɗauka masu wasa da waya ne, su ne suka naɗi wa'azi suka aika ta WhatsApp zuwa gidaje, har zuwa gare ku a birane. Tun daga lokacin aikinsu ya wuce jona waya. Yanzu sauti, majigi, hoto, janareta da sola duk a wuyansu suke, kuma ba a biyansu ko kwabo.

YADDA AKE GINA IRIN WANNAN ƘUNGIYA

Da muka rasa inda za mu kama, sai muka koma ga abin da muka sani. Muka riƙe ƙungiyar kamar yadda ake riƙe makaranta. Ga abubuwa bakwai da muka ga amfaninsu.

1. Zaɓe. Hali ake fara dubawa kafin gwaninta. Yaron da ke zuwa kan lokaci, ya mayar da abu inda ya ɗauko shi, za a iya koya masa mikisa cikin wata guda. Gwanin da ba ya jin magana kuwa, shekara goma ba ta gyara shi. Littafin Fitowa, a sura 35, ya nuna cewa Bezalel, wanda ya jagoranci aikin alfarwa, an ba shi fasaha, an kuma ba shi iya koya wa waɗansu. Irin wannan ake nema. Haka kuma mun koyi kada a cika ƙungiya da 'yan makaranta kaɗai, domin jarrabawa na fitowa za su watse. A haɗa su da mazauna gari: tela, makaniki, malamar firamare. Kada kuma a bar 'yan mata a baya. A cikin waɗanda muka horar, wadda ta fi kowa kunnen gane daidaiton sauti yarinya ce daga ƙungiyar mawaƙa. Duk yaron da bai kai shekara 18 ba, sai mun je gida mun nemi yardar iyayensa.

2. Horo. A kwaleji ba a ba mu aji ranar farko ba. Mun fara da kallon malami, muka koyar tare da shi, muka koyar yana zaune a baya da alƙalami, kafin a sake mu. Haka muke yi wa sabon shiga: wata guda yana kallo, wata guda yana yi tare da babba, wata guda yana yi ana lura da shi. Ba ma cewa ya iya sai ranar da ya koya wa wani.

Darussan farko ba su da wuya, amma rashinsu ne ya cika mana ɗakin ajiya. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa, in ba haka ba bugun wuta yana fasa lasifika. Ihun da lasifika ke yi yana faruwa ne idan makirufo ya ɗauki sautin da ke fita daga lasifikar ya sake mayar mata da shi, don haka lasifika a gaban mai magana take zama tana fuskantar jama'a, ba a bayansa ba. Janareta a waje yake zama, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar launi marar wari da ke kisa, kuma a bar shi ya daidaita kafin a ɗora masa kaya. Idan hadari ya taso a zare wayoyi daga bango. Da hunturu a lulluɓe kaya, a riƙa share faifan sola. Batir mai ruwa ba a zuƙe fiye da rabin cajinsa, in ana so ya yi ƙarko.

A matsayinmu na tsohon malamin Hausa, akwai darasi ɗaya da ba ma sassautawa. Duk mai rubuta waƙa don majigi sai ya san ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Kasa daban, ƙasa daban. Bari daban, ɓari daban. Allon majigi shi ne allon da yaranmu suka fi kallo a mako, kada mu koya musu kuskure a ɗakin sujada. Wayoyin yanzu suna da maɓallan Hausa, uzuri ya ƙare.

3. Jadawalin aiki. Kamar yadda malamai ke karɓa-karɓar aikin mako a makaranta, haka muka raba su rukuni uku. Rukuni ya yi Lahadi ɗaya a kan na'ura, ya yi ɗaya yana taimakawa, ta uku ya zauna cikin jama'a da littafinsa. Dalilin wannan doka shi ne wani yaro da ya shaida mana cewa ya yi shekara biyu bai ji wa'azi ko ɗaya ba, alhali kowace Lahadi shi ke buɗe majami'a. Hankalinsa na kan maɓalli. Mun kusa yin asarar ransa da sunan hidima. Ranar Asabar da yamma kuma ana gwajin kaya tare da mawaƙa da 'yan Zumuntar Mata, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

4. Rajista da kundi. Kowane hedimasta ya san kundin da ake rubuta abin da ya faru a makaranta kowace rana. Muka sayi manyan littattafai biyu. A na farko an rubuta kowace na'ura, ranar da ta zo, wanda ya bayar, da halin da take ciki. A na biyu, rukunin da ya yi aiki yana rubuta abin da ya lalace, man da aka sha, da wanda ya ari kaya. Aro ba laifi ba ne, domin kayan nan suna yi wa gari duka hidima, a biki, a makoki, a ranar rabon kyaututtuka ta makaranta. Amma kaya ba sa fita sai da sa hannu, kuma sai da ɗan ƙungiya a tare da su. Kalmomin sirri na shafin Facebook da na kwamfuta kuwa, a rubuta su a rufe a ambulan a hannun sakataren ikilisiya. Mun taɓa rasa shafi sukutum da hotunan shekaru, saboda a kan wayar mutum ɗaya yake, wayar kuma ta ɓata.

5. Tsawatarwa da yabo. Wannan aiki yana da wata irin ƙaddara. Idan komai ya tafi daidai ba mai tunawa da su, idan makirufo ya ɗauke na daƙiƙa biyar sai dukan majami'a ta waiwayo. A nan dole mu faɗi laifinmu. Wata Lahadi sauti ya yanke ana tsakiyar addu'ar keɓe jarirai, muka tashi da halin tsohon hedimasta, muka daka wa yaron da ke kan na'ura tsawa a gaban jama'a. Daga baya aka gano waya ce ɓera ya ci. Yaron bai ce uffan ba, amma ya yi wata uku bai taka majami'a ba. Sai da muka sa hula muka je har zauren mahaifinsa muka ba shi haƙuri. Tun daga ranar muka kafa doka, muka kuma roƙi fastoci su riƙe ta: ba a tsawata wa mai na'ura daga kan bagadi. Gyara sai ranar Litinin, a keɓe. Yabo kuwa a bainar jama'a. Ɗan sa kai ba albashi ke riƙe shi ba, mutunci ne.

6. Amana. Wanda ke riƙe da maɓallin sauti yana riƙe da kunnuwan mutane. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a ma'aunin desibel 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Ƙara ba ita ce albarka ba. Ma'auninmu shi ne tsohuwar da ke bencin baya ta ji kowace kalma, jaririn da ke bencin gaba kuma kada ya firgita. Lasifikar waje a rage ta, a kashe ta da dare. Muna da maƙwabta, akwai marasa lafiya, akwai masu jarrabawa, akwai masu tasu ibadar, kuma zaman lafiyar garin nan ya fi ƙarfin kowace amfilifaya.

Mai riƙe da kyamara shi ma amana ce a hannunsa. A halin tsaron da muke ciki, ba kowane abu ake watsawa kai tsaye ba. Ba a nuna ƙirgar baiko, ba a sanar da wanda ya ba da kuɗi masu yawa ko ranar da wani zai kama hanya, ba a sa fuskar yaro ko ta mai makoki a intanet ba tare da izini ba. Ko dokar ƙasa ta kare bayanan jama'a, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, tana nuna cewa bayanan mutum ba abin wasa ba ne.

7. Magaji. Mun daina baƙin ciki idan yaro ya tafi karatu ko neman aiki, domin don haka muka rene shi. Abin da muke nema kawai shi ne kada ya tafi sai ya bar mutum biyu da suka iya abin da ya iya, ya kuma rubuta takardar miƙa aiki kamar yadda ma'aikaci ke yi idan an yi masa canji. Mu kuma mu ba shi takardar shaida da hatimin ikilisiya. Akwai waɗanda wannan takarda ta buɗe musu ƙofar koyon aikin sola da na ɗaukar hoto a birni, yau suna cin abinci da abin da suka fara a bencin bayan majami'a.

ROƘONMU GA 'YAN'UWA MAZAUNA BIRANE

Yabon gwani ya zama dole. Ba domin ku ba da har yanzu da ƙarfen layin dogo muke kiran sujada. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ku ba mu dama mu roƙi abubuwa biyar.

Na farko, ku tambaya kafin ku saya. Abin da ya dace da babbar majami'ar Abuja mai silin da na'urar sanyaya ɗaki ba lalle ya dace da ginin kwano da siminti irin namu ba, inda sauti ke dukan bango ya dawo. Sau da yawa kuɗin silin da labule ya fi sabuwar lasifika gyara sauti. Haka nan akwai manhajoji na kyauta, irin su OpenLP na nuna waƙoƙi da OBS Studio na watsa hoto, waɗanda ba sa bukatar kwamfuta mai tsada ƙwarai.

Na biyu, muna ba da shawara cewa duk reshen da zai ba da na'ura ya ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗinta don horo da gyara. Wanda ya ba ka doki bai ba ka ciyawa ba, aiki ya ƙara maka.

Na uku, ku duba batun wuta. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa bayan haka, man janareta ya zama babban rami a asusun ƙananan majami'u. Idan rassa biyu za su haɗa hannu su kafa sola da inbata daidai bukata, hakan ya fi kowane reshe ya kawo tasa lasifikar don a kira sunansa.

Na huɗu, ku ba mu lokacinku. A cikinku akwai injiniyoyin lantarki, ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin, da masana kwamfuta. Kuna zuwa gida Kirsimeti da Ista, waɗansu da Sallah. Yini ɗaya da ɗayanku zai zauna da yaran nan, na majami'u da na masallatai gaba ɗaya, a ajin firamare, ya fi kwali goma da za a aiko a mota. Muna roƙon Ƙungiya ta sa wannan yini a kalandarta ta kowace shekara.

Na biyar, idan yaranmu suka iso muku da takardar shaida a hannu, ku karɓe su. Ku gabatar da su a majami'unku, ku haɗa su da masu sana'a, ku kuma tuna musu da hanyar gida.

KAMMALAWA

Mai girma Shugaba, mun yi shekara 35 muna aikin koyarwa, mun ga makarantu masu sababbin gine-gine da ba a koyon komai a cikinsu, mun kuma ga malami a gindin bishiya yana fitar da likitoci. Abin da ya raba su shi ne mutum. Gyatumar da muka ambata a farko ta rasu bara. Amma kafin rasuwarta, sa'ad da ƙafa ta hana ta zuwa, jikarta, wadda ke cikin rukuni na biyu, takan kai mata wa'azin kowace Lahadi a waya ta kunna mata a bakin gado. Mikisar da ta yi mata ihu a wancan lokaci ita ce dai ta naɗi muryar. Na'urar ba ta canja ba, hannun da ke riƙe da ita ne aka rena.

Yaran suna can baya a yanzu haka, su ne suka sa kuke jin muryarmu tun ɗazu. Muna roƙon a ba su izini su miƙe tsaye, jama'a su gan su, ko sau ɗaya a waiwaya gare su ba don wani abu ya lalace ba.

Idan mun yi kuskure a cikin maganarmu, a gafarce mu. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya albarkaci wannan Ƙungiya, ya ba garinmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.